Rigunan da Aka Dawo da Su

Ɗan Kwangila da kansa ya dawo da rigunan. Bai aiko direba ba. Ya tsayar da motarsa a ƙofar shagonmu, ya sa aka jibge buhunan a gaban teburina, sannan ya shigo yana kaɗa makulli a yatsa.

"Manaja, barka da aiki."

Ban amsa da wuri ba. Babana ne ya sa mini wannan suna tun ina ƙarama ina naɗe masa riguna, kuma ba kowane baki nake son jin sa a ciki ba.

Shagonmu na buga zane da rubutu ne a jikin riguna. Babana ya kafa shi, a cikinsa kuma ya yanke jiki ya faɗi wata safiya, aka kai shi asibiti, bai dawo ba. Tun daga lokacin ƙaninsa, Baffa, yake zuwa kullum ya zauna a kujerarsa, wai don kada shago ya watse. Ni ce a gaba wurin karɓar aiki da naɗi. A ciki kuwa Bahago ne, wanda Baba ya koya wa sana'ar, shi ke shimfiɗa riga, ya sauke firam mai ɗauke da zanen, ya ja tawada da hannun hagunsa. Shi ne kuma wanda nake so. Mutanensa sun zo neman aurena Baba na da rai, Baba ya yi murmushi ya ce su ba shi lokaci kaɗan. Lokacin ne Allah bai ba shi ba.

Baffa kuwa Ɗan Kwangila yake so mini. Shi ke kawo mana manyan ayyuka, kuma ya daɗe yana aiko gaisuwa gidanmu. Ni ba yarinya ba ce da za a ce mini tashi ki bi wane. Amma Baffa ne a matsayin ubana yanzu, in bai sa baki ba, babu auren da zan yi da farin ciki.

Ɗan Kwangila ya zaro riga ɗaya ya shimfiɗa a gaban Baffa. Rigunan ma'aikatan wani kamfanin ruwan gora ne, masu kauri, shuɗaye, da farin rubutu babba a baya. Rubutun ya tsattsage kamar busasshen taɓo. Ya sa farce ya kankara, wani ɓangare ya ɓantare ya faɗi a kan takalmin Baffa.

"Wanki ɗaya ne fa, Baffa," ya ce a hankali. "Ni ban damu da kaina ba. Sunan marigayi nake ji. Sun tambaye ni wane shago ne, na kasa faɗa."

Baffa ya daɗe yana kallon rigar.

"Kira mini shi."

Bahago ya fito yana goge hannu da tsumma. Ya durƙusa ya gaishe su, ya ɗauki rigar, ya ja rubutun da hannu biyu. Ya ƙara tsagewa.

"Tawadar ba ta gasu ba," ya ce.

"Na gani ai, ba makaho ba ne ni. Wa ya gasa ta?"

"Ni ne."

"Me ya faru?"

Bahago ya ci gaba da juya rigar a hannu.

"Da kai nake. Injin ne ya lalace? Tawadar ce ta tsufa? Ka faɗa mini wani abu in faɗa wa bawan Allah nan."

"Laifina ne, Baffa. A yi haƙuri."

Baffa ya jingina da kujera. Muryarsa ba ta tashi ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan.

"Yayana ya ɗauke ka ba ka iya riƙe robar jan tawada ba. Ko shekara bai yi a ƙasa ba ka zubar masa da suna a titi. Kafin ƙarshen makon nan ka kawo mini makullin shago. Maganar ɗiyata kuma, ka ce wa mutanenka su daina wahalar da takalmansu. Wanda bai riƙe riga ba, ban ga yadda zai riƙe mace ba."

"Baffa," na ce.

"Ke, ban saka da ke ba."

Ɗan Kwangila ya sunkuyar da kai kamar abin ya yi masa ciwo. Da zai fita ya tsaya a gefena ya rage murya.

"Kada ki sa damuwa a ranki. Muddin ina nan, shagon nan ba zai rufe ba."

"Allah ne ke buɗe shago," na ce masa, na ci gaba da naɗina.

Da Baffa ya tafi cin abincin rana na shiga ciki. Bahago na tsaye gaban injin gashi, ya zuba hannu a aljihu. Injin doguwar akwati ce ta ƙarfe, da bel da ke ɗaukar riga ya shiga da ita ta ƙarƙashin wuta ya fito da ita ta ɗaya bakin. Tawadar da muke aiki da ita ba ta bushewa da iska, ko ta kwana a rana. Sai zafi ya ratsa ta har ƙasa. In bai ratsa ba, sama ta yi ƙyau a ido, ƙasa ɗanya, ruwa na taɓa ta ta saki.

"Ka tsaya kamar bango ana yi maka hukunci," na ce. "Ba ka da baki ne?"

"Ina da shi."

"To, ina ka ajiye shi?"

Na share idona da gefen mayafi.

"Shi ke nan. Ni zan nemo abin da ya faru. Kunna mini."

"Manaja, ki bar shi."

"Kunna."

Ya kunna. Ban taɓa gasa riga da hannuna ba, amma na girma ina jin Baba yana bin matsala ɗaya bayan ɗaya, yana magana da kansa. Na durƙusa na leƙa cikin injin. Sandunan wutar duk sun yi ja, babu wanda ya mutu.

"Ranar da wutar gari kuka yi aiki ko da janareta?"

"Wutar gari. Da ƙarfinta."

"Fanka fa? Baffa bai juyo da fankarsa nan ba?"

"Bai juyo ba."

Na je na cusa hannu cikin kwalin ragowar rigunan da ba a buga ba, ko sun sha laima a ɗakin ajiya. A bushe suke. Na buɗe gwangwanin farar tawada, na juya da cokalin ƙarfe. Lafiyarta lau, ba ta daskare ba, ba a tsinka ta da wani abu ba.

"To, mene ne?" na ce. "Ka fi ni sani. Wallahi ka sani."

Ya kau da kai.

Na ɗauki riga ɗaya mai kauri na ɗora a bel, don dai kada in tsaya haka. Ta shiga, kafin in zagaya ta riga ta fito. Na tsaya da ita a hannuna, da ɗumi amma ba zafin da na sani ba. Sai na tuna Baba yana cewa riga mai kauri tafiyar tsoho take so, mai shara-shara kuwa in ka bar ta ta yi nawa, ƙonewa za ta yi. Kullum hannunsa na kan maɓallin da ke rage gudun bel ko ƙara shi, yana murɗawa kamar mai neman tasha a rediyo.

Na kalli maɓallin. Hankicin Baba na ɗaure a kansa, farin nan mai ratsin ruwan toka. Mama ce ta ɗaure shi a makon rasuwar. Kullum ina ganin sa, kullum ina kau da ido. A raina kuma na ɗauka inda Baba ya bar abu, nan ne daidai.

"Wane aiki Baba yake yi ranar da ya faɗi?"

Bahago ya kalli hankicin.

"Singiletin 'yan gudu. Farare, marasa nauyi."

Na miƙa hannu zan kwance hankicin. Ya shiga tsakanina da injin, bai taɓa ni ba, ya dai tsaya.

"Don Allah kada ki taɓa."

"Matsa."

"Na yi wa Mama alkawari."

Na ja baya na zauna a kan kwali. Shi ma ya zauna a ƙasa can nesa, ya jingina da ƙafar teburin bugu, ya faɗa mini komai.

Bayan rasuwar ya je gida ya ce wa Mama yana son ya murɗa maɓallin. Bai gama magana ba ta fashe da kuka. Ta ce nan ne wurin da hannun mijinta ya taɓa na ƙarshe a duniya, su ɗauki komai na shagon amma su bar mata wannan. Ta sa ya ce ya yi alkawari, ya ce ya yi.

"To, duk riguna masu kaurin da muka yi tun lokacin fa? Me ya sa ba a dawo da su ba?"

"Ina bin su ɗaya bayan ɗaya da injin matsi mai zafi bayan sun fito. Yana cin lokaci, amma yana gasa su."

"Shi ya sa ka daina fita cin abinci."

"Ba ni da yawan ci dama."

"Kada ka yi mini wasa yanzu."

Na nuna ƙofa, wajen buhunan da aka dawo da su.

"Waɗannan fa?"

"Ɗan Kwangila ya zo da mota kafin ranar da aka yi da shi. Na ce wa Baffa a ƙara mini lokaci, akwai sauran aiki a kansu. Baffa ya taɓa ɗaya ya ce ai ta bushe, a zuba a buhu. Kina banki ranar."

"Ka kuma kasa faɗa yau? Ka bari aka kore ka, aka raba mu, saboda hankici?"

"Ba saboda hankici ba." Ya ɗago ya kalle ni, idanunsa sun yi ja. "In na faɗa a gaban baƙo, me zai fita da shi? Zai ce matar marigayi ta zautu, ta ɗaure inji da tsumma. Baffa kuma zai tafi gida ya same ta da wannan fushin. Matar nan sai kwanan nan ta fara cin abinci sosai. In ce ita ce ta jawo?"

"Ni fa? Ni ba ka ji tausayina ba?"

"Ke kina da ƙarfi."

"Wa ya faɗa maka?" Kuka ya ƙwace mini. "Babana ya tafi, kai ma ka tattara za ka tafi, ka ce ina da ƙarfi? Don ina tsayawa a teburi ina murmushi wa masu kawo aiki?"

"Ki yi haƙuri, Manaja."

"Kowa haƙuri. Na ƙoshi da haƙuri."

Ya bar ni na yi mai isata. Da na tashi na ɗauki rigar da ta tsage na cusa a jaka.

"Ina za ki?"

"Kai ka yi alkawari. Ni ban yi ba."

Na sami Mama a tsakar gida tana tsintar shinkafa a tire. Na zauna kusa da ita na ɗora mata rigar a cinya. Ban san ta inda zan fara ba, sai na fara daga buhunan. Na faɗa mata abin da Baffa ya yanke. Na faɗa mata maganar singileti da tafiyar tsoho. Ina magana hannunta na cikin shinkafar, bai motsa ba.

"Maɓallin ba a nan ake barin sa kullum ba?" ta ce.

"A'a, Mama. Baba kan murɗa shi sau da yawa a wuni ɗaya."

"Ni ban taɓa sani ba. Ni dai abinci nake kai masa in juyo." Ta shafa rubutun, ɓarɓashi ya manne mata a yatsa. "Yaron nan ya zo zai yi mini bayani, na hana shi. Na ɗauka so yake ya canza kayan Malam tun gawarsa ba ta huce ba."

"Bai taɓa ba, Mama. Har yau."

"Ya bari aka kore shi?"

"Ya ce laifinsa ne."

Ta ajiye tiren. Ta daɗe tana kallon bango, hawaye na bin kumatunta ba ta share ba.

"Da Malam na nan da ya yi mini dariya," ta ce. "Da ya ce, ke wa ya aike ki wurin injina?"

Muka yi dariya muna kuka, ni da ita. Ba ta ce za ta yi wani abu ba, ni ma ban roƙe ta ba.

Washegari da hantsi Baffa na kan kujera, Ɗan Kwangila ya dawo jin yadda za a yi, sai ga Mama a ƙofar shago. Rabonta da wurin tun makon rasuwar. Baffa ya miƙe da sauri.

"Yaya, lafiya? Da kin aiko ai na zo."

"Lafiya lau. Biyo ni ciki, ƙanina."

Muka shiga duka. Bahago ya durƙusa. Mama ta wuce shi ta tsaya gaban injin. Ta ɗora tafin hannunta a kan hankicin na ɗan lokaci, leɓenta na motsi. Sannan ta sa yatsu ta kwance ƙullin. Ya yi tauri, sai da ta sa haƙori. Ta ninke hankicin ta sa a cikin zaninta.

"Ni na ɗaure abin nan," ta ce wa Baffa. "Ni na hana shi murɗawa, na sa shi alkawari. Abin da ya ɓata riguna ke nan. Ya ce maka a ƙara masa lokaci, ka ce a zuba a buhu. To, ni da kai ne. In kora ce, ka fara da ni."

Baffa ya juya. Ya kalli Bahago.

"Haka ne?"

Bahago ya kalli ƙasa.

"Tashi, ɗana," Mama ta ce. "Na sake ka. Yi aikinka."

Ya tashi. Ya kama maɓallin. Ya murɗa, bel ya rage gudu har sai da ƙarar injin ta sauya. Ya shimfiɗa sabuwar riga mai kauri, ya sauke firam, ya ja farar tawada, ya ɗora ta a bel. Muka tsaya muna kallo tana shiga a hankali. Da ta fito ya kaɗa ta a iska ta huce, ya miƙa wa Baffa.

"A ja, Baffa. Da ƙarfi."

Baffa ya ja. Rubutun ya miƙe tare da rigar, ya koma yadda yake. Ya sake ja har jijiyar wuyansa ta fito. Ko tsaga ɗaya.

"Ja daban, wanki daban," in ji Ɗan Kwangila.

Mama ta juyo ta kalle shi sama da ƙasa.

"Manaja, kawo mini bokiti da sabulu."

A nan ƙofar ɗakin ajiya ta tsuguna ta wanke rigar, wankin da take yi wa kayan aikin Baba, tana murza rubutun a kan junansa. Ta ɗauraye, ta matse, ta baje ta a gaban Ɗan Kwangila tana ɗigar ruwa. Farin na nan fes.

"Ka kankara da farcen naka," ta ce.

Bai kankara ba. Ya ce yana da wurin zuwa, ya tambayi yaushe zai turo a ɗauka. Bahago ya ce yawancin buhunan ba a raba su ba, ba su taɓa ruwa ba, waɗannan wuta kawai za su sake bi. Waɗanda aka wanke ne sai an buga sababbi. Ɗan Kwangila ya ce to, ya fita. Bai tsaya a gefena ba wannan karon.

Na yi hamdala a raina.

Baffa ya daɗe yana jujjuya jiƙaƙƙiyar rigar.

"Kai wane irin mutum ne?" ya ce wa Bahago. "Ana yanka ka kana miƙa wuya?"

"Na yi alkawari ne, Baffa."

"Alkawari." Ya ja numfashi. "Yayana ma haka yake, taurin kai kamar me. Da ka ja ni gefe ka faɗa mini ai."

"Da kai ma ka ja shi gefe ka tambaya," in ji Mama. "A gaban baƙo ka tsare shi."

Baffa ya sosa ƙeya. Ya dube ni, na sunkuyar da kai.

"Ke har yanzu shi ɗin ne?"

"Shi ne, Baffa."

"Ko da ba ya magana?"

"Zan riƙa yi mana."

Mama ta rufe baki da mayafi. Baffa ya yi tsaki, amma gefen bakinsa ya motsa.

"To, ka riƙe makullinka. Mutanenka kuma su dawo, ƙofa a buɗe take. Amma ban son ganin ƙafar kowa a gidana sai rigar ƙarshe ta bar shagon nan."

Bahago ya sake durƙusawa. Baffa ya tuɓe babbar rigarsa ya rataye a ƙusa, ya naɗe hannun ta ciki.

"Ina ake tsayawa?"

Bahago ya nuna masa bakin da riguna ke fitowa. Muka kwance buhun farko, ni ina miƙawa, shi yana jerawa a bel. Rigar farko ta fito, Baffa ya cafe ta, ya yi saurin sauya hannu yana hura yatsunsa.

"Wannan ai wuta ce."

"Haka ake so, Baffa," in ji Bahago.

Baffa ya harare shi, sannan ya juyo gare ni.

"Ke kuma amarya, kin tsaya kina washe baki. Miƙo ta gaba."